Tambayoyi da amsoshi kan saita maus da joyistik a MAME idan mutum biyu ko fiye za su buga

Tambayoyin nan kusan kullum su ne ake maimaitawa, mutum ya sauke MAME, wato manhajar da take kunna tsofaffin wasannin injinan arcade a kwamfuta, ya saka gem ya buga shi kaɗai lafiya lau, ranar da abokinsa ya zo suka jona maus na biyu ko pad na biyu, wato abin buga gem na riƙewa a hannu, sai komai ya rikice. Na tattara waɗanda aka fi yi, na amsa su yadda nake yi a nawa injin. Yawancin bayanin na Windows ne, sauran na taɓa su a can ƙasa. Sunayen menu suna ɗan canzawa daga wata siga zuwa wata, tunda manhajar ta daɗe, tun Fabrairun 1997 Nicola Salmoria ya fito da ita kuma har yau kusan duk wata ana sakin sabuwa, to in ka ga naka sunan ya ɗan bambanta kar ka tada hankalinka, wurin dai ɗaya ne.

Maus ɗina baya motsa komai a cikin gem, amma a Windows yana aiki. Meye matsalar?

Ba lalacewa yayi ba. MAME a kashe yake zuwa da maus, joyistik ne kawai a kunne. Ka buɗe fayil ɗin mame.ini da Notepad, in babu shi a foldar ka buɗe wurin rubuta umarni ka buga mame -createconfig zai ƙirƙiro maka shi. Ka nemo layin da aka rubuta mouse 0 ka mayar da shi mouse 1, ka adana, ka sake kunna gem ɗin.

Akwai wata hanyar da ni na fi so. A ƙasa kaɗan za ka ga layuka irin su trackball_device, dial_device, paddle_device, lightgun_device, yawancinsu an sa musu keyboard. In ka canza trackball_device da dial_device zuwa mouse, to maus zai riƙa kunna kansa ne kawai a wasannin da suke da ƙwallon murzawa ko dial, wato ɗan abin da ake juyawa da yatsu, a sauran kuma ba ruwansa. Amfanin wannan shine kana tsakiyar Street Fighter II wani ya taɓa maus ba zai jefa maka naushi ba, domin botinan maus ma a haɗe suke da botinan ɗan wasa na ɗaya tun asali.

Na kunna, na jona maus biyu, amma duka biyun ɗan wasa na ɗaya suke juyawa

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Windows dama kibiya ɗaya gare shi a allo, ko maus goma ka jona duk ita za su riƙa ja, kuma MAME ma haka yake haɗe su ya kira su Mouse 1 sai dai in ka hana shi. Layin da zai hana shi:

multimouse 1

Sannan ka duba layin mouseprovider, wanda yake zaɓar hanyar da MAME zai bi ya karanta maus. In yana kan auto yawanci ya isa, domin a Windows zai ɗauki rawinput, wanda shi ne kaɗai yake iya bambance wannan maus da wancan. In wani ya taɓa canza maka shi zuwa dinput ko win32 to ko ka sa multimouse 1 sau ɗari ba abinda zai faru, ka mayar da shi rawinput.

Da zarar ka yi haka, Marble Madness na 1984 mai ƙwallo biyu zai zama wasan mutum biyu na gaske, Rampart na 1990 kuwa har mutum uku in kana da maus uku da tebur mai faɗi. Amma ka shirya ma wani abu: in laptop ce, wancan faifan da ake shafawa da yatsa shi ma maus ne a wurin MAME, wani lokacin har kibod mara waya ko wata manhaja tana ƙirƙiro maus na bogi. Sai ka ga maus ɗinka biyu sun zama Mouse 2 da Mouse 4, alhali MAME yana jiran Mouse 1 ga ɗan wasa na ɗaya da Mouse 2 ga na biyu. Mutane da yawa a nan suke cewa multimouse ya kashe musu maus gaba ɗaya, bai kashe ba, lamba ce ta goce, sai ka shiga menu ka raba da hannunka.

To ya ake rabawar a menu?

Kana cikin gem ka danna Tab, ka shiga Input Settings, za ka ga wurin saiti biyu, ɗaya na kowane gem baki ɗaya ɗaya kuma na gem ɗin da kake ciki kawai. Shawarata abin da baya canzawa kamar wane maus ne na wa, wane pad ne na wa, ka yi shi a na baki ɗaya sau ɗaya ka huta. Abin da ya shafi gem guda, kamar jerin botina, shi ka yi a na gem ɗin.

Inda ake tuntuɓe shine kowane abu na analog, wato mai auna yawan motsi ba danna da saki kawai ba, layi uku gare shi. Misali Track X yana da Track X Analog, da Track X Analog Inc, da Track X Analog Dec. Na farkon shi ne na maus ko sandar analog. Inc da Dec na botina ne, an yi su ne saboda wanda bashi da komai sai kibod, ya danna dama abu ya ƙaru ya danna hagu ya ragu. Maus a layin Analog kaɗai ake sa shi. Ka haska layin, ka danna Enter, ka ja maus ɗin gefe ɗaya a miƙe, hagu zuwa dama in X ne, sama zuwa ƙasa in Y ne, zai rubuta misali Mouse 2 X. In hannunka ya karkace ya kama Y a wurin X ka sake kawai. Sannan ka sauka kan na ɗan wasa na biyu ka yi haka da ɗaya maus ɗin, kar ka manta da botinansa.

Wanda ya sa sandar analog a layin Inc da Dec kuma ya sake sa ta a layin Analog, zai ga abin yana ta fizga kamar ana kokawa da shi, domin umarni biyu ne suke shiga lokaci guda. In analog kake amfani da shi ka share Inc da Dec ɗin gaba ɗaya.

Wai meye ma bambancin? Ba sai in sa joyistik a komai in huta ba?

Za ka iya, amma ba zaka ji daɗin wasan ba, kuma in ka gane wannan bambancin rabin matsalolin ka warware su da kanka. Maus baya gaya wa kwamfuta inda yake, abinda yake cewa kawai na matsa dama da taki kaza tun maganar da nayi ta ƙarshe. Bashi da tsakiya bashi da ƙarshe. Ƙwallon Centipede da Missile Command da dial ɗin Tempest da Arkanoid duk haka suke aiki, faifai ne mai haƙora yana wucewa ta gaban haske ana ƙirgawa, wato a cikinsu tamkar tsohon maus ne mai ƙwallo a ciki. Shi yasa maus yake zama musu daidai kamar an auna.

Sandar analog ita kuma wuri take faɗa, ina tsakiya, ko ina can ƙarshen dama, kuma in ka sake ta tana komawa tsakiya da kanta. Sitiyarin OutRun haka yake, yana da iyaka hagu da dama yana da tsakiya, MAME yana kiran irinsa paddle. Amma sitiyarin Pole Position da na Super Sprint suna juyawa ne ba iyaka, to su dial ne, maus ya fi musu kyau nesa ba kusa ba. Super Sprint na 1986 sitiyari uku ne da shi, da maus uku ana buga shi sosai.

In ka haɗa su a juye fa? Sandar analog a kan gem na ƙwallo, MAME zai fassara nisan da ka tura sandar ya zama gudu, zai yi aiki amma ba za ka iya wancan murzawar ta bazata ba sannan ka tsaya cak. Maus kuma a kan gem na paddle, babu abinda zai dawo da kai tsakiya, sai ka yi ta laluben inda miƙe take. Kafin ka saita kowane gem ka leƙa menu ka ga sunan da aka ba abin, in Dial ne ko Track ka ɗauko maus, in AD Stick ne ko Paddle na mota ko Pedal ka ɗauko pad.

Jiya pad ɗina ne na ɗaya, yau na kunna ya koma na biyu, har maus ma sun yi musanye. Aljanu ne?

Ba aljanu bane, Windows ne. MAME yana ba na'urori lamba ne bisa jerin da Windows ya miƙo masa lokacin da yake tashi, kuma Windows bai yi alkawarin jerin zai zama iri ɗaya kullum ba. Ka canza ramin USB, ko pad na Bluetooth ya riga ɗan'uwansa farkawa, ko an yi sabuntawa, sai lambobin su juye. Shi kuma fayil ɗin saitinka abinda ya sani kawai Joy 1 da Joy 2, bai san wane ne baƙi wane ne fari ba. Na taɓa ɓata dare guda ina sake saita mutum huɗu a Gauntlet, washegari na kunna komai ya sake hargitsewa, a ranar na zauna na koyi mapdevice.

Ga yadda ake yi. Ka kunna MAME daga wurin umarni da -verbose a gaba, zai jero duk na'urar da ya gani da lambar shaidarta, a sababbin sigogi ma akwai Input Devices a cikin menu da zai nuna maka har ka kwafa. A cikin lambar za ka ga wani abu kamar VID da PID, na farkon na kamfanin da ya ƙera ne na biyun na samfurin. Sai ka shiga foldar ctrlr ka ƙirƙiri fayil, ka ce masa misali nawa.cfg, a cikin sashen input ka sa layi irin wannan ga kowace na'ura:

<mapdevice device="lambar da ka kwafa" controller="JOYCODE_1" />

Na biyu ka bashi JOYCODE_2, maus kuma MOUSECODE_1 da MOUSECODE_2, bindiga GUNCODE_1. Sannan a mame.ini ka rubuta ctrlr nawa ba tare da .cfg ɗin ba. Abu biyu ka kiyaye. Na ɗaya, mapdevice a fayil ɗin ctrlr kaɗai yake aiki, in ka zuba shi a default.cfg ɓata lokaci ne. Na biyu, ba dole ka kwafe lambar duka ba, guntun da ya bambanta ta da sauran ya isa, amma in guntun ya dace da na'ura biyu ka koma gidan jiya.

Kuma nan ne ciwon kan yake ga masu sayen abu iri ɗaya guda biyu. Ƙananan allunan USB ɗin nan masu arha da ake haɗa sanda da botina a kai, guda biyu daga kamfani ɗaya VID da PID ɗinsu ɗaya ne, suna ɗaya, komai ɗaya, to MAME da me zai bambance su? Da maus akwai ɗan sauƙi, domin lambar da rawinput yake bayarwa doguwa ce kuma tana da wani ɓangare da ya danganci inda aka jona, in baka canza rami ba tana zama. Amma gaskiya mafi sauƙin magani shine tun wajen saye ka ɗauki samfuri daban-daban, ko allo guda mai ɗaukar mutum biyu, ko irin waɗanda ake iya ba kowanne lambarsa kamar yadda Ultimarc suke yi wa bindigoginsu na AimTrak. In kuma ka riga ka saya, to kowa ya zauna a raminsa, ka manna musu takarda ka rubuta 1 da 2.

In na murza da ƙarfi sai abin ya koma baya maimakon gaba

Wannan yana ba mutane mamaki amma lissafi ne kawai. Injinan da suna ƙirga motsi ne da ɗan ƙaramin ma'auni, wani daga 0 zuwa 255 wani ma daga 0 zuwa 15, in ya cika sai ya zagayo ya fara daga sifili. Gem ɗin yana duba lambar yanzu ya kwatanta da ta baya ya gane ina ka nufa. In ka turo taki da yawa a tsakanin dubawa biyu har ya wuce rabin ma'aunin, sai gem ya ɗauka baya ka yi, kamar yadda tayar mota take zama kamar tana juyawa baya a bidiyo. Maus na yanzu kuwa yana zubo taki fiye da abinda injin 1981 ya taɓa mafarki.

Maganin yana Tab, Analog Input Adjustments, tsofaffin sigogi suna ce masa Analog Controls. Ka rage Sensitivity. In dial na gaske gare ka ma akwai lissafinsa: na Tempest taki 72 yake bayarwa a zagaye ɗaya, na Arkanoid 486 saboda giyoyin da ke cikinsa. In naka mai 1200 ne kamar dial ɗin SpinTrak, sai ka raba na gem da naka ka ninka da 100, Tempest ya baka 6, Arkanoid wajen 40. Da maus na tebur ba zagaye, to sai gwaji, ka rage har sai murzawa mafi ƙarfi ta daina komawa baya. In maus ɗin yana da botin canza DPI, wato yawan takin da yake bayarwa a kowane motsi, ka sauke shi ƙasa, ya fi.

Ga mutum biyu kuma kowane ɗan wasa nasa Sensitivity ɗin daban ne, kuma X daban Y daban. In maus ɗin ba iri ɗaya bane kar ka basu lamba ɗaya ka ce adalci kayi, wanda nasa ya fi DPI zai riƙa tsere wa ɗayan. Ku ja su nisa ɗaya a tebur ku ga ko abin ya tafi nisa ɗaya a allo. Saurin kibiya na Windows kuma kar ka wahalar da kanka da shi, rawinput baya bi ta kansa. Increment speed da auto-centering da kake gani a wurin su na masu botina ne, ba ruwansu da maus.

Dial biyu nake so kawai, dole sai multimouse?

A'a. Dial gefe ɗaya kawai yake buƙata, maus kuma yana da biyu. Masu haɗa akwatin wasa suna jona dial na farko a X na biyu a Y na allo guda, sai ka ba ɗan wasa na ɗaya Mouse X na biyu Mouse Y, shikenan, kuma ka tsira daga rikicin lamba.

Ɗan wasana yana tafiya shi kaɗai ban taɓa sanda ba

Sandar ta gaji, bata komawa tsakiya daidai. Ka fara buga joy.cpl a Windows ka gani da idonka ko alamar tana rawa. Sannan joystick_deadzone a mame.ini shi ne yankin tsakiya da MAME zai yi kamar bai gani ba, tsofaffin sigogi 0.3 suke zuwa da shi sababbi 0.15. Ka ƙara kaɗan-kaɗan har tafiyar ta tsaya. Kar ka zuba da yawa, a wasan mota za ka ji sitiyari ya mutu a tsakiya. Ɗan'uwansa joystick_saturation mai 0.85 yana nufin in ka tura kashi 85 cikin ɗari an ɗauka ka kai ƙarshe, in sandarka bata kaiwa can gefe ka rage shi. Abin haushin shine saitin na kowa ne, in pad ɗaya ne mai ciwon duka za su sha maganin.

A Pac-Man ina juyawa a kwana sai ya ƙi, ko ya maƙale

Pac-Man da Donkey Kong sandarsu hanya huɗu ce, akwai ƙarfe a ƙasa da yake hana ta tafiya a karkace. Taka mai hanya takwas ce, tana iya aika sama da dama lokaci guda, abinda gem ɗin bai taɓa tsammani ba. MAME yana da joystick_map, yana raba filin sandar gida 9 sau 9 ya ce kowane gida ga inda yake nufi, kuma a kan auto yana zaɓar taswirar hanya huɗu da kansa ga irin waɗannan wasannin. Amma taswirar tana aiki ne kan abinda kwamfuta ta gani a matsayin joyistik, in sandarka ta allon da yake shigowa a matsayin kibod take bi kamar I-PAC a yanayinsa na asali, bata shafe ka ba. Maganin gaskiya shine faifan ƙasan sandar a juya shi zuwa hanya huɗu, sanduna da yawa suna da wannan.

Q*bert nashi daban ne, hanya huɗu ce amma a karkace. Robotron kuwa sanda biyu mutum ɗaya yake riƙewa, Smash TV mutum biyu kowa sanda biyu wato huɗu kenan, a nan pad mai sanda biyu ya fi komai sauƙi, hagu tafiya dama harbi.

Mu huɗu za mu iya a kibod ɗaya?

A takarda eh. 5, 6, 7, 8 na jefa kwabo ne, 1, 2, 3, 4 na farawa. Na ɗaya yana da kibiyoyi da Ctrl da Alt na hagu da Space, na biyu R, F, D, G da A da S, na uku I, K, J, L, na huɗu lambobin gefen dama. A aikace kuwa kibod na ofis baya iya ɗaukar madannai da yawa a tare, wasu daga uku ma sun fara haɗiye na huɗun, da yawa na USB kuma shida ne iyakarsu banda su Shift da Ctrl. Mutum biyu suna gudu a karkace suna harbi an riga an kai shida. Sai ka ji ana rantsuwa wallahi na danna. Ya danna ɗin, kibod ne bai kai saƙon ba. Ko ka samo kibod na masu gem da yake karɓar kowane madanni, ko ka jona kibod biyu ka sa multikeyboard 1, shi ma sai da rawinput a keyboardprovider. Kuma ka kashe Sticky Keys, domin Shift na hagu botin na huɗu ne na ɗan wasa na ɗaya, sau biyar a jere Windows ya faɗo muku a tsakiyar faɗa.

Na jona pad biyar, huɗu kawai yake gani

XInput, wato hanyar da pad irin na Xbox suke bi, huɗu ne iyakarta. joystickprovider yana da winhybrid wanda yake ɗaukar na Xbox ta XInput sauran ta DirectInput, wato dinput, to na biyar da na shida su zama wani iri daban, ko ka koma dinput gaba ɗaya. Amma dinput yana da nasa aibin, yana haɗe maƙunnan baya guda biyu na pad ɗin Xbox 360 su zama layi ɗaya, in ka danna totur da birki tare sai su soke juna.

Akasin haka ma yana faruwa, pad ɗaya ya fito sau biyu. Yawanci manhajar Steam ce a buɗe ko DS4Windows, manhajar jona pad na PlayStation, ya ƙirƙiro na bogi bai ɓoye na gasken ba, sai mutum ɗaya ya riƙa juya ƴan wasa biyu. Ka rufe su ko ka ɓoye na asalin. Kuma ka jona komai kafin ka kunna MAME, kar ka dogara da cewa zai ga wanda aka soka a tsakiyar wasa.

Totur yana danne rabi tun ban taɓa ba

Ka ba feda cikakken layin sanda ne, wato daga wannan ƙarshe zuwa wancan, to tsakiyar sanda ta zama rabin totur. Lokacin da kake saitawa in ka sake motsa abin kafin ya rufe, yana zagayawa tsakanin cikakken layi da rabi na sama da rabi na ƙasa, za ka ga alamar + ko - a ƙarshen sunan. Rabi kake so. In kuma a juye yake, Reverse yana can wurin Sensitivity.

Na saita ɗan wasa na biyu tsaf amma nashi baya aiki

Duba gem ɗin tukuna. Tsofaffi da yawa bi da bi ake yinsu, kuma a akwatin tsaye sanda ɗaya ce ake miƙa wa juna, to in juyin na biyu ya zo kayan na ɗaya zai ɗauka. Kayan na biyu suna aiki ne in ka shiga DIP Switches, wato saitin ainihin injin a menu na Tab, ka mayar da Cabinet zuwa Cocktail, wato akwatin tebur da ake zama fuska da fuska, amma fa hoton zai kife idan juyinsa ya zo. Wasu kuma kamar Sunset Riders suna da siga ta mutum huɗu da ta mutum biyu, a ta huɗun kowane ramin kwabo da nasa jarumin, in kana son zaɓa sai ka nemi ta biyun. Bayan canza DIP ka danna F3 ya sake tashi.

Wasan bindiga da maus biyu fa?

Yana yiwuwa sosai. lightgun_device ka sa mouse, multimouse 1, ka raba Lightgun X da Y na kowa kamar yadda muka yi a sama, kowane ɗan wasa zai samu alamar saitinsa a allo. Lethal Enforcers da Area 51 suna so ka harba wajen allo kafin a sake ɗura harsashi, da maus sai ka ja alamar can bakin allo ka harba, ko ka kunna offscreen_reload a sigogin da suke da shi, sababbi kuma akwai plugin na wannan aikin. Wasu bindigogin kamar na Operation Thunderbolt ba na haske bane, sandar analog ce aka yi mata siffar bindiga, irinsu in saiti ya goce sai ka danna F2 ka shiga menu na masu gyara ka daidaita, abin yana ajiyuwa a foldar nvram in gem ɗin yana da ita.

A RetroArch ko Linux haka ne?

A RetroArch, wata manhaja ta daban da take iya kunna MAME a cikinta, mame.ini ba shi ne mai faɗa a ji ba. Ka canza direban shigarwa zuwa raw a Windows ko udev a Linux, ka rufe ka sake buɗewa, sannan kowane Port ka bashi nasa Mouse Index. MAME na Linux kuma ta SDL yake bi, pad da yawa ba matsala, maus da yawa ne mai wuya, masu bindiga suna bi ta lightgunprovider x11.

Ta intanet fa, ni ina nan shi yana can?

MAME na asali bashi da wannan. Manhajar Fightcade ake amfani da ita, ta fi ƙarfi a wasannin faɗa, ko netplay na RetroArch, wato tsarinsa na buga wasa ta intanet. A can kowa nasa pad ɗin kawai zai saita a injinsa.

Na taɓa abubuwa har Tab da Enter sun daina aiki, ya zan yi?

Kowa ya taɓa yin wannan. Ka rufe MAME ka shiga foldar cfg. default.cfg shi ne saitin baki ɗaya, sauran kowanne da gajeren sunan gem ɗinsa, kamar marble.cfg. Ka goge wanda ka lalata, zai ƙirƙiro sabo da kansa. Ka tuna na gem yana danne na baki ɗaya, shi yasa wani lokacin ka gyara a sama amma gem guda ya ƙi ji, tsohon cfg ɗinsa ne yake nan. Haka ma ɓangaren ini, in akwai fayil mai sunan gem a foldar ini to maganarsa ce a kan ta mame.ini, kuma da shi zaka iya kunna multimouse ga Marble Madness kaɗai ka bar sauran. MAME yana rubuta cfg ne lokacin fita, to ka fita da Esc, in ka kashe injin ta soket saitin da kayi ya tafi. Ranar da komai ya zauna daidai ka kwafe cfg da ctrlr da mame.ini ka ajiye a wata folda kafin ka bari wani ya taɓa Tab.